Minti Ashirin da Akwati Guda: Yadda Ake Saba wa Yaran Zangon Kumasi Karatu da Kansu

Duk wanda ya taɓa wucewa ta gefen tagar ajin firamare a Aboabo ko Asawase da hantsi ya san wannan amon. Malama ta karanta jimla a allo, yara hamsin su amsa da murya ɗaya, ta maimaita, su maimaita. Mai wucewa zai rantse duk ajin ya iya karatu. To, a kira yaro guda daga bencin baya, a miƙa masa shafin da bai taɓa gani ba, a ce ya karanta layi biyu. Nan ne gizo ke saƙar. Da yawansu amshi kawai suke yi, kunne na aiki, ido na hutawa.

A 2013 da kuma 2015 Hukumar Ilimi ta Gana, wato GES, ta gwada karatun ’yan aji biyu a faɗin ƙasa, yaro ɗaya-ɗaya. Duka sau biyun, kimanin rabin yaran ba su iya karanta ko kalma ɗaya ba, waɗanda kuwa ke karatu a sake suna fahimta ba su wuce biyu cikin ɗari ba. Maganin wannan ƙafa biyu gare shi. Ta farko ita ce koyar da haruffa da sautinsu da kyau. Ta biyu, wadda aka fi sakaci da ita, ita ce yaro ya riƙa zama da littafi shi kaɗai, kullum, yana karanta abin da ya yi daidai da ƙarfinsa. Wanda ya taɓa kai ɗansa koyon ɗinki ya san kallon maigida ba ya sa hannu ya faɗa, sai an hau keken.

Lissafin a fili yake. Darasin minti 30, yara 50, ana karatu bi da bi: kowane yaro ya samu daƙiƙa 36, sauran lokacin jira yake yi. Amma yaron da ke karanta kalma 60 a minti, in ya samu minti 15 nasa na kansa, ya karanta kalma 900 a rana, 4,500 a mako, sama da 160,000 a mako 36. A 1980 an zuba littattafan labarai na Turanci kimanin 250 a kowane aji a wasu makarantun karkara takwas na ƙasar Fiji, inda yaran ma ba Turanci suke yi a gida ba. Bayan wata takwas, fahimtarsu ta karatu ta ƙaru ninki biyu na abin da aka saba gani. Manhajar da NaCCA, hukumar tsara manhajar karatu ta Gana, ta fitar a 2019 ma ta ware wa irin wannan karatu sashe guda a darasin Turanci, don haka malamin da ya ba shi lokaci bai fita daga tsari ba.

Tsarin yana nan a makarantar allo

Ba sai an je nesa neman salon ba. A makarantar allo kowane yaro da nasa wurin da ya tsaya. Wannan yana Tabbat, wancan yana Sabbi, wani ya haura Yasin. Kowa na karanta nasa, malam na kiran su ɗaya-ɗaya su biya, ba ya yi wa yaro ƙari sai ya gamsu da na jiya. Wannan shi ne ainihin tsarin da ajin boko ke bukata na minti ashirin a rana: kowa da littafin da ya dace da shi, malami na zagawa yana saurare. Abu biyu ne kawai za a sauya. A can hadda ake nema, shi ya sa ake maimaita allo guda har ya zauna. A nan fahimta ake nema, don haka littafin zai riƙa sauyawa, kuma za a tambayi yaro abin da labarin ya ce.

Sai an lura da wannan bambancin, domin yaron Zango gwanin hadda ne. Yana iya jin shafi sau uku ya riƙe shi, ya kawo shi tiryan-tiryan yana bin layi da yatsa, alhali bai san wace kalma yatsan ke kai ba. A nuna masa kalma guda a tsakiyar shafi, ko a ce ya karanto layin daga ƙarshe zuwa farko, nan take za a gane.

Ga kuma nauyin harsuna. A gida Hausa yake ji, a wasu gidajen ma har da Dagbanci ko Mosanci. A titi Twi, a aji Turanci da Twi, a makarantar Arabiyya Larabci daga dama zuwa hagu. Hausa ba ta cikin harsunan gida da gwamnati ke koyarwa da su a makarantu, don haka a Kumasi harshen gida na aji Twi ne. Wannan na haifar da ruɗani na zahiri. Sautin da Hausa ke rubutawa da “c”, Twi “ky” take rubuta shi, Turanci kuma “ch”, sannan “c” ta Turanci wani lokaci “k” ce, wani lokaci “s”. Sautin “sh” a Twi kusan “hy” ne, “j” kuma “gy”. Yaron da ya rikice a nan ba daƙiƙi ba ne. A rubuta waɗannan ƙa’idoji gefe da gefe a kwali, a manna a bango, a riƙa faɗa masa harshen da littafin yake kafin ya buɗe.

A fara da tantancewa

Kafin a sayi ko littafi ɗaya, a san matsayin kowane yaro. Ana bukatar agogo ko waya, fensir, da gajeren labari mai kalma 100 wanda yaran ba su taɓa ji ba, a kwafa shi gida biyu. A zauna da yaro shi kaɗai a baranda, a ce masa wannan ba jarrabawa ba ce, babu maki, babu bulala. Ya karanta da murya na minti ɗaya, malami na bi a tasa takardar yana ja wa duk kalmar da aka kuskure ko aka tsallake layi. In ya tsaya a kan kalma ya kai daƙiƙa uku, a faɗa masa ita, a lissafa ta cikin kuskure, ya ci gaba. Da minti ya cika a sa alama a inda ya kai, a cire kurakurai, abin da ya rage shi ne adadin kalmominsa a minti. In ya kasa layin farko gaba ɗaya, a dakatar da shi cikin fara’a, a koma gwada shi da haruffa.

Daga nan a yi masa tambaya uku kan abin da ya karanta, a bar shi ya amsa da Hausa ko Twi. Wannan wurin da yawan malamai ke kuskure: yaro ya fahimci labari sarai, amma bakinsa bai kai ya bayyana da Turanci ba, sai a rubuta bai gane ba.

Yaro biyar a rana ya isa, aji mai hamsin ya ƙare a mako biyu. Za a ga sun kasu uku. Akwai waɗanda ba su gama sanin sautin haruffa ba. Akwai masu haɗa baƙi a hankali, kalma-kalma. Akwai masu tafiya a sake. Masana karatu da dama na ɗaukar kalma 45 zuwa 60 a minti a matsayin mafi ƙarancin saurin da zai bari mai karatu ya riƙe farkon jimla har ya kai ƙarshenta. Ƙasa da haka, duk ƙarfinsa ya ƙare wajen haɗa haruffa, babu abin da ya rage na ma’ana.

Rukunin farko ba a miƙa musu littafi a ce su je su karanta. Zaman kurame za su yi da shi. Su nasu minti ashirin ɗin na aikin sauti ne da katin haruffa da ’yan littattafan da aka rubuta da haruffan da aka riga aka koya musu kaɗai, tare da malami ko wani babban yaro daga aji shida.

Littattafai da akwatinsu

Littafin darasi ba ya wannan aikin. Guda ne ga kowa, kuma an rubuta shi don a koyar da shi. Ana bukatar littattafan labarai, da na sanin duniya irin na dabbobi, ƙwallo, jirage, jikin mutum da tarihin Annabawa, domin akwai yaran, musamman maza, da ba labari ke jan su ba. A fara da aƙalla littafi biyu ga kowane yaro, wato 100 ga aji mai hamsin, kuma iri daban-daban. Gara iri ɗari kwafi ɗaya-ɗaya da iri biyar kwafi ashirin-ashirin. Fiye da rabinsu su zama masu sauƙi, sauƙin da malami zai ga kamar sun yi wa ajin ƙanƙanta.

A kasa su mataki huɗu, a manna wa kowanne salatif mai launi a ƙashin bayansa. Kore: layi ɗaya ko biyu a shafi, da babban hoto. Rawaya: layi uku zuwa biyar. Shuɗi: sakin layi cikakke, hoto jefi-jefi. Ja: mai babi-babi. Kada a rubuta sunan aji a jiki. Ɗan aji biyar ba zai ɗauki littafin da aka rubuta wa “aji biyu” a gaban abokansa ba ko da shi ne daidai da shi, amma zai ɗauki mai alamar rawaya.

A koya wa yara zaɓe da yatsu. Ya buɗe shafi a tsakiya ya karanta, duk kalmar da ta gagare shi ya naɗe yatsa guda. In yatsu biyar sun ƙare kafin shafi ya ƙare, littafin ya fi ƙarfinsa a yanzu, ya mayar. Ɗaya ko biyu shi ne daidai. Ƙa’idar da ke bayan wannan ita ce, mai karatu shi kaɗai na bukatar sanin aƙalla kalma 95 cikin 100, in ya kai 98 ya fi.

Wajen samu, akwai Laburaren Ashanti da ke harabar cibiyar al’adu kusa da kasuwar Kejetia, ƙarƙashin Hukumar Laburare ta Gana, hedimasta ya je ya yi wa yara rajista ya kuma nemi bayanin aro na makaranta. Akwai masu sayar da littattafan gwanjo a Adum da Kejetia, sai dai a zauna a zaɓa ɗaya-ɗaya, kada a sayi kwali a rufe. Jaridar yara ta Junior Graphic na fitowa mako-mako, tana da amfani ga ’yan aji huɗu zuwa sama. A intanet kuwa African Storybook da StoryWeaver da Bloom Library na da littattafan yara kyauta da aka yarda a buga, da Turanci da Twi da Hausa, an kuma kasa su mataki-mataki. Na Hausar yawanci Hausar Najeriya ce ko ta Nijar, don haka malami ya fara karantawa ya fitar da kalmomin da ba a amfani da su a nan, ya kuma nuna wa yara ɓ da ɗ da ƙ. Ya cancanci wahalar, domin Hausar boko yadda aka rubuta haka ake faɗa, kuma yaron da ya karanta labari da harshen da yake mafarki da shi ya ɗanɗana abin da ake nufi da fahimta. Labaran Ananse, wato Gizon tatsuniyoyin Twi, ma kada a raina su, yaran sun san halinsa tun daga tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi.

Littafi mai shafi 16 takardar A4 huɗu ce, a buga gaba da baya a tsarin ɗan littafi, a ninke biyu. Baƙi da fari ya wadatar. A yi masa bango da kwali mai kauri, a huda wuri uku a kan ninkin, a ɗinke da zare mai ƙarfi irin na masu gyaran takalmi. Kada a dogara da ƙusar sitefula, a danshin Kumasi tsatsa take yi ta ci takardar, shafin tsakiya ya fara zubewa.

Kyautar littattafai kuma a tace ta. Tsofaffin littattafan jami’a da na shirin jarrabawar wata ƙasa cika akwati kawai suke yi, yaro ya buɗe sau biyu bai samu nasa ba, ya daina buɗewa.

Akwatin katako irin na ’yan makarantar kwana ya isa, ko a sa kafinta ya yi mai tsawon santimita 60, faɗi 40, zurfi 30, da hannu biyu da wurin kwaɗo. A ɗora shi kan bulo ko benci, kada ya taɓa ƙasa ko ya jingina da bango, saboda gara da danshi, balle a unguwannin da ruwa ke shiga in rafin Aboabo ya cika. A zuba busasshen ganyen darbejiya a ƙasansa saboda kyankyasai. Ƙwayar kafur tana korar ƙwari amma guba ce in ƙaramin yaro ya haɗiye, gara a bar ta. Sau ɗaya a wata a fitar da littattafan su sha iska a inuwa. Kowace safiya a ɗaura igiya a bango a rataya goma sha biyar, fuskarsu na kallon yara. Littafin da ba a ga bangonsa ba, ba a marmarinsa.

Yadda minti ashirin ɗin ke tafiya

A kafe lokaci guda kullum, a rubuta shi a jadawali da sa hannun hedimasta. Bayan taron safe ko da an dawo daga tara ta farko ya fi. Lokacin ƙarshe na ranar Juma’a shi ne mafi muni, hankalin kowa na masallaci. Minti ashirin sau biyar a mako ya fi awa biyu a rana guda.

Kada a fara da ashirin ɗin. Makon farko minti biyar, a tsaya tun kafin su gaji. A riƙa ƙara minti biyu ko uku duk mako har a kai. Zaɓen littafi a yi shi tun jiya ko kafin a shiga aji, in ba haka ba rabin lokacin zai tafi a turereniya gaban akwati. Kowane yaro ya ajiye biyu a gabansa, in ya gama ɗaya ya ɗauki ɗayan ba tare da ya tashi ba. ’Yan aji ɗaya zuwa uku a bar su su yi da murya ƙasa-ƙasa, suna bukatar jin abin da suke haɗawa. Karatun zuci daga baya yake zuwa.

Malami kuma wannan ba lokacin duba littafin aiki ko cika rajista ba ne. A 2000 wani kwamitin masana da Amurka ta kafa ya ce bai samu isasshiyar hujjar da ke nuna cewa barin yara su yi karatun shiru kawai, ba mai lura, na inganta karatunsu ba. Luran shi ne gishirin. Kowace rana malami ya zauna kusa da yara uku, minti huɗu-huɗu. A aji mai hamsin zai zagaye kowa cikin kwana 17, masu rauni kuma a riƙa komawa kansu duk mako.

Zaman kansa haka yake. A tsuguna daidai tsawon yaron, a ce, “Karanta mini daga inda kake.” In ya ci karo da kalma, a yi shiru a ƙirga biyar a zuci, domin sau da yawa da kansa zai warware. In bai warware ba, a ce, “Dubi harafin farko, wane sauti yake yi? Na biye fa? To haɗa su.” Kada a ce ya dubi hoto ya canka. Canke na aiki a littafin kore, amma ranar da hotuna suka ƙare yaron zai tsaya cik. In ya faɗi wata kalma daban ya wuce, a bari ya kai aya, sannan a ce, “Abin da ka faɗa ya yi ma’ana kuwa? Koma ka duba.” A ƙarshe tambaya ɗaya: “Me ya faru zuwa yanzu?” Sai a rubuta layi guda a littafin malami: kwanan wata, launin littafi, abu ɗaya da ya iya, abu ɗaya da za a bi.

Masu karatun ƙarya suna da alamu. Wani na juya shafi da sauri fiye da yadda ido zai iya bi. Wani ya kwana uku a shafi guda. Wani kullum sai ya ɗauko ja mafi kauri don a gan shi da shi. Wani littafi guda yake ɗauka wata da watanni domin ya haddace shi. Duk ciwon ɗaya ne, littafin ya fi ƙarfinsa ko kunya na damunsa, kuma maganin shi ne a sauko da shi mataki guda a asirce. Maimaita littafin da ake so sau biyu ko uku kuwa alheri ne, yana ƙara sauri.

Minti uku na ƙarshe na hira ne. Kowa ya juya ga na kusa da shi ya ba shi labarin abin da ya karanta, da kowane harshe. Sau ɗaya a mako yara biyu su tsaya su tallata littafin da ya burge su, ba tare da sun faɗi ƙarshensa ba. Malami ma ya karanta wa aji shafi biyu na wani littafi da murya mai daɗi, ya tsaya daidai inda labari ya ɗau zafi, ya rataya shi a igiya. Gobe za a yi layi a kansa.

Abubuwa uku ke kashe wannan shiri da wuri: bulala a kan kuskure, tilasta rubuta taƙaitawa bayan kowane littafi, da gasar wanda ya fi yawan littattafai. Na ƙarshen yana sa yara su bi ƙananan littattafai a guje don adadi, kuma kullum yara ukun nan ne ke cinyewa. Katin karatu mai sauƙi ya isa: sunan littafi, rana, da alamar ko ya ji daɗinsa.

Aro zuwa gida

A makarantu da yawa littattafan na nan, amma a kulle a kabad ɗin ofis, har da ledarsu, domin ana tsoron in sun ɓace a ce malami ya biya. Sai an warware wannan tsoron a zaman kwamitin kula da makaranta da na iyaye, a rubuta a ajiye: littafin da ya tsufa a hannun yara ba laifin kowa ba ne. A sa a rai cewa wasu za su yage, wasu su ɓace, a ware ɗan abin maye gurbi duk shekara.

A ba kowane littafi lamba. A samu rajista mai gida huɗu: suna, lambar littafi, ranar ɗauka, ranar dawowa. Yara biyu, mace da namiji, su riƙe ta, a sauya su duk wata. Littafi ɗaya, kwana uku ko ƙarshen mako, a cikin leda mai kauri saboda ruwan sama da miya. In ya yage, yaron ya zo a gyara tare da salatif da gam. In aka ci tarar kuɗi, uwa za ta ce kada ya sake kawo mata littafin makaranta gida, kuma shi ke nan an rasa wannan gidan.

A gidan haya mai ɗaki ɗaya da tsakar gida cike da jama’a ba a neman teburi da shiru. Ana neman lokaci sananne, minti goma sha biyar, da tabarma da haske. Tsakanin Magariba da Isha ya dace da gidaje da yawa, in akwai karatun dare kuma sai a mayar bayan Asuba ko bayan Isha. A kashe talabijin na wannan ɗan lokacin. A tanadi fitila mai caji saboda ɗaukewar wuta.

Uwar da ba ta yi boko ba tana da babban aiki a nan. Tana tsince wake na waakyen gobe, yaro na gefenta yana karantawa, in ya kai ƙarshen shafi ta ce, “To, faɗa mini da Hausa, me ya ce?” Ya ce, “Mma, kunkuru ne ya ari gashin tsuntsaye.” Ta ce, “Don me ya ara? Da kai ne za ka ba shi?” Yaron da ya juya labari zuwa Hausa ya fahimce shi, wannan kuwa ko malami iyakar abin da zai gwada ke nan. Yaya ko ƙanwar uwa da ke sakandare na iya sauraron kalmomin, amma a gargaɗe su kada su yi dariya ko tsawa.

A kula da ’yan mata musamman. Sau da yawa lokacin da namiji ke zaune, ita tana wanke-wanke ko goyon ƙani ko ta fita talla. In ba a ɗauke mata aikin na minti goma sha biyar ɗin da baki ba, a ce yanzu lokacin karatunta ne, ba za ta samu ba. Waya kuma in za a yi amfani da ita, a sauke littattafan tukuna, a kashe data, a miƙa.

Malaman makarantun Arabiyya da limamai su ma a shigo da su tun farko, musamman a makarantun da ke ƙarƙashin Sashen Ilimin Musulunci na GES, wanda aka kafa a 1987, inda boko da Arabiyya ke raba yini guda. In malam ya faɗa da bakinsa cewa kowane yaro ya yi minti goma sha biyar da littafinsa bayan tilawa, maganar ta fi takardar da hedimasta zai aika gida nauyi.

Aunawa da hutu

Ƙarshen kowane zangon karatu a sake gwajin minti ɗaya da sabon labari mai nauyi irin na farko. A gwada yaro da kansa na baya, a nuna masa lambobin biyu shi kaɗai. Wanda saurinsa ya ƙaru amma ya kasa amsa tambayoyi, kalmomin Turanci ne suka yi masa ƙaranci, a ƙara masa hira da bayani kafin karatu. Wanda bai motsa ba bayan zango biyu duk da yana zuwa kullum, a duba lafiyarsa. In yana kai littafi dab da hanci, ko yana runtse ido, ko yana kukan ciwon kai, a kai shi a auna idonsa, asibitin koyarwa na Komfo Anokye na da sashen ido. In sai an ɗaga murya yake juyowa, ko kunnensa na ruwa, a duba kunnen. In duka lafiya lau, a mayar da shi kan sautin haruffa daga tushe, minti goma kullum, shi da malami.

A wannan makon ne kuma ake musayar akwati, aji uku A da aji uku B, ko makarantu biyu na unguwa guda, a ƙirga da rajista a gaban malaman biyu. Kafin dogon hutu kowane yaro ya tafi da littafi biyu. A samu mutum guda a unguwa, malami ko ɗalibin jami’a da ya dawo hutu, ya riƙa buɗe akwatin a barandar masallaci ko ta makaranta sau biyu a mako bayan La’asar, awa guda, yara su mayar da na hannunsu su ɗauki wasu. Ranar da aka koma, gwajin minti ɗaya shi ne aikin makon farko.